Wurin Ragar Masauna

Ranar da Navarana ta fara ganin Sindre, a kwance ta gan shi. Ya sauko daga ƙaramin jirgin saman da ke zuwa garinsu Qaanaaq, santsi ya kwashe shi ya faɗi rigingine, amma akwatin da ya rungumo bai taɓa ƙasa ba.

"Sannu, Dogo," ta ce tana danne dariya. "Kai ne ka karye ko kayan?"

"Ni ne. Ni ana iya ɗora ni a nan, wannan kuwa sai an mayar da shi Tromsø, can Norway."

Daga wannan amsar zuciyarta ta daina zama wuri ɗaya.

Aikin da ya haɗa su ba na wasa ba ne. Masana daga Norway da Kanada da Japan da Jamus sun haɗa kai suna auna kaurin ƙanƙarar teku, don a riƙa faɗa wa mafarauta inda za ta ɗauki amalanken da karnuka ke ja a kanta da inda za ta burma da su. Sindre aka turo ya dasa na'urar awo. Navarana kuwa ita ke karɓar hasashen masanan, ta mayar da shi harshen gari, ta tura wa mafarauta a waya.

Kafin ya dasa na'urar ya shimfiɗa mata taswira, ya nuna wurin da manyansa suka zaɓa daga hotunan tauraron ɗan'adam, kusa da bakin wani tsibiri. Ta gyaɗa kai. A faɗi gaskiya, idonta na kan fuskarsa ne, ba kan taswirar ba. 'Yar gari ce, ita ya kamata ta ce a tsaya a tambaya, ba ta ce ba. So yana mayar da mai wayo wawa, kuma wannan ba uzuri ba ne.

Aputsiaq ne ya kai shi wurin da karnukansa. Mafarauci ne jarumi, ya daɗe yana kai wa gidan su Navarana nama da nufin da kowa ya sani. Ya ga inda baƙon ke huda ƙanƙara, ya san wurin waye, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Ita kuwa soyayya ta yi ta tsiro. Navarana ba ta iya gama shan kofi sai ta duba waya.

"Nava, na'ura ta ce ƙanƙara ta ƙara kauri yau. Ni kuma haƙurina ne ya ragu. Yaushe zan gan ki?"

"Dogo, ka daina yi mini hasashe. Zo ka ci miyar Inna, idan ka iya shanye kwano biyu an karɓe ka."

Ya zo, ya shanye uku. Inna Tabita, mahaifiyar Navarana, ta yi murna har da tafi. Amma mahaifinta, Baba Masauna, ya shigo fuska a murtuke, ya jefar da raga a bakin ƙofa, babu ko puisi ɗaya a ciki. Puisi kuwa dabbar teku ce, da namanta ake ciyar da mutane da karnuka, da fatarta ake takalmi.

"Kai ne mai ƙarfen da ke kuka a bakin tsibiri?"

"Ni ne, Baba. Farfela ce ke ba batirin wuta."

"Farfelarka ta kori puisi. A wurin ubana ya saka raga, a nan nake sakawa kowace shekara. Teku ba ta kowa ba ce, amma wurin raga na mai saka ta ne har ranar da ya bari. Yaro ƙarami a garin nan ya san wannan. Wa ka tambaya?"

Sindre ya sunkuyar da kai.

"Laifina ne, Baba," Navarana ta ce. "Ya nuna mini taswirar."

"Ke yi mini shiru. Na ga yadda kike kallonsa. Mutumin da ya huda wurin wani bai tambaya ba, haka zai ɗauki 'yar mutane ya tafi bai tambaya ba. Irinsu da ƙanƙara suke zuwa, da ita suke narkewa. Kada ya sake taka mini gida."

Daga ranar barci ya ƙaurace wa Navarana. Rana ta daina faɗuwa a wannan watan, kamar yadda take yi a ƙasar kowace shekara, ita ma ta daina zama. Daga gida zuwa ofis, daga ofis zuwa bakin teku, ta dawo, ta sake fita.

"Dogo, ka cire ta mana."

"Na roƙi manyana. Sun ce idan aka motsa ta kafin ƙanƙara ta narke, awon bana ya tashi a banza, ƙasashe huɗu ke jiransa. Sun ce wanda ya taɓa ta ya nemi wani aiki."

"To ka zaɓi ƙarfenka. Allah ya ba ku zaman lafiya."

Ya kira, ta ƙi ɗauka. Ya sake kira, ta kife wayar. 'Yan matan yanzu suna ganin wannan jan aji ne, alhali wauta ce, don maganar da ba a ji ba ba ta gyara komai.

Ranar da jirgi ya zo, Aputsiaq ya tare ta a ƙofar kanti yana murmushi.

"'Yar Baba, surukin naku ya ɗaure kaya da sassafe, na gani da idona. Ba sallama?"

"Ina ruwanka?"

"Ruwana ne mana. Mu da ba mu da jirgi muna nan."

Ta kira lambar Sindre, a kashe. Jirgi ya tashi ta saman kanta. Ta shiga ofis ta zauna, ta tashi, ta sake zama. Hasashen ranar ya iso daga masanan, da jan layi a bakin tsibiri: iska ta juya, ƙanƙarar wurin ta ruɓe, kowa ya kauce. Ta fassara ta tura wa mafarauta.

Sai idonta ya kai kan allon kwamfuta. Na'urar tana aiko da inda take, ɗigo ne kore da bai taɓa motsi ba. Yau ya gusa. Ta ɗauka ƙanƙarar ce ta ɓalle da shi. Amma ƙanƙarar da ta ɓalle tsakiyar teku take nufa, wannan ɗigon kuwa gari ya nufo, a hankali, kamar tafiyar mai jan kaya.

Ta ruga gida ko hula ba ta ɗauka ba.

"Baba! Ya je ya cire ta! Shi kaɗai, a ƙafa, a inda na ce kowa ya kauce!"

Masauna ya zabura ya miƙe. Ya ɗaura karnuka, ta ɗare bayansa. Ruwa na fantsamowa daga ƙarƙashin amalanke, ƙanƙara na ƙara kamar tsohon gado, Navarana na addu'a a bayyane.

Suka hango shi daga nesa, ya ɗaura igiya a ƙugu yana jan na'urar, wandonsa jiƙe har cinya. Tsakaninsa da su ƙanƙara ta tsage, baƙin ruwa na leƙowa. Masauna ya bi gefen tsagar har ya sami inda ta tsuke, ya daka wa karnuka tsawa suka tsallake.

"Kai mahaukacin ina ne?" ya ce. "Wa ka tambaya kafin ka fito?"

"Ba kowa, Baba. Na sanar da manyana zan cire ta, su yi abin da suka ga dama. Mafarauta kuwa na san babu mai kawo ni."

"Ka sani, ka sani! Ka dasa ba ka tambaya ba, ka cire ba ka tambaya ba. Da ka zo mini da na kawo ka, har in nuna maka inda za ka mayar da ita. Hau, kafin teku ta cinye ka in rasa wanda zan zaga."

Sindre bai hau ba. Leɓɓansa sun yi shuɗi, haƙoransa na haɗuwa.

"To Baba, yanzu ina tambaya. Ina son Navarana da aure. Idan ka ce a'a, ba zan ɗauke ta ba, amma ba zan bar garin ba."

Masauna ya dubi 'yarsa, tana kuka tana dariya a lokaci guda.

"A kan ruɓaɓɓiyar ƙanƙara ake neman aure a garinku? Hau, na ce. Ka zo gida gobe da busasshen wando."

Manyan nasa sun yi fushi, awon bana kuwa ya tashi a banza kamar yadda suka faɗa, har suka rage masa matsayi. Amma masanan Kanada da Japan suka tsaya a kan cewa daga yanzu ba a dasa komai sai an zauna da mafarauta, kuma dole wani ya zauna a garin duk shekara. Sindre aka ba. Aputsiaq ya zo da kansa ya ba Masauna haƙuri kan shirun da ya yi ranar dasa na'urar, ya sha faɗan da ya dace da shi.

Da ƙanƙara ta narke teku ta buɗe, aka ɗaura auren a ƙaramin cocin gari. Ango ya sa farar riga irin ta mazan gari, amarya ta sa dogayen fararen takalman fata da Inna Tabita ta ɗinka. Aka buɗe ƙofar gida, gari ya yi ta shigowa shan kofi, wasu na tashi wasu na zama.

Masauna ya ɗora hannu ɗaya a kan 'yarsa, ɗaya a kafaɗar ango, don kan angon ya yi masa nisa.

"Na ba ka ita, da bakina, a gaban mutane. Allah ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana. Allah ya dawo da duk wanda ya fita teku a cikinku."

Gida ya amsa da amin. Navarana ta zauna kusa da mijinta, ta shanye kofinta har ƙasa.