Kakan Auta da Tsohuwar Gada

Kowace Laraba, da ƙarfe ɗaya na rana, ana yin lacca a gidan tarihin garin. Lokacin hutun cin abinci ne. Ma'aikatan ofis sukan shigo da kwanukansu. Direbobi da teloli ma sukan zo. Sai a zauna a babban ɗaki mai fanka uku, ana ci ana sauraro. Wani mako a yi bayanin tsohuwar kasuwa, wani mako na asibitin farko na jihar.

Wata rana Malama ta shigo aji biyar da albishir.

"Gidan tarihi sun ba makarantarmu minti goma ranar Laraba," in ji ta. "Za a yi magana a kan tsohuwar gada. Wa yake da dattijon da ya san aikin?"

Wata yarinya da ake kira Auta ta ɗaga hannu har tana tashi daga benci.

"Malama, da kakana aka gina ta."

"To, ke za ki yi mana. Ki tambaye shi, ki rubuto."

Da aka tashi, Auta ta sami Kaka a kan tabarma yana kakkaɓe rediyonsa. Ta zauna da littafi da biro.

"Kaka, wane aiki ka yi a gada?"

"Lebura ne ni, Sarkin Surutu," in ji shi, yana kiranta da sunan tsokanar da ya saba. "Kwanon sarki nake ɗauka."

"Mene ne kwanon sarki?"

"Wani faffaɗan kwanon ƙarfe ne. A cika shi da kwaɓaɓɓen siminti, in ɗora a ka, in hau katako in kai wa magina. Shekara biyu ina yi. Kin ga sanƙon nan? Can na baro gashina."

Kaka ya yi dariya. Auta ba ta yi ba. Ta tuna ƙawarta da kullum take cewa kakanta alƙali ne. Yaya za ta tsaya gaban mutane ta ce nata lebura ne? Ta koma ɗaki, ta rubuta wani abu dabam.

Ranar Laraba ɗakin ya cika. Auta ta tsaya tsaf, ta yi magana ba gargada. Ta faɗi tsawon gadar. Ta faɗi yadda mutane suke tsallake kogi da kwalekwale kafin a gina ta. Daga ƙarshe ta ɗaga murya.

"Kakana ne injiniyan da ya zana gadar nan da hannunsa."

Aka yi ta tafi. Shugabar gidan tarihi ta taso tana murmushi.

"Yarinya, kin kawo mana abin da muka daɗe muna nema. Gara ta cinye takardun aikin gadar, ba mu san wanda ya zana ta ba. Mako mai zuwa ki zo mana da kakanki. Za mu rubuta sunansa a bango."

Auta ta dubi mutanen ɗakin. A layi na biyu ta hango telan unguwarsu. Ya ajiye cokalinsa yana kallonta.

Da yamma telan ya biyo ta ƙofar gidansu, ya sami Kaka a zaune.

"Sannu da hutawa, injiniya. Ashe muna tare da manya ba mu sani ba."

Ya kwashe labari duka ya faɗa, yana dariya. Da ya tafi, Kaka ya kira Auta. Bai yi mata faɗa ba. Bai kuma kira ta Sarkin Surutu ba.

"Auta, aikin da na yi bai kai a faɗa a gaban mutane ba ne?"

Ta sunkuyar da kai.

"Da kwanon nan na ciyar da babanki," in ji shi. "Ban taɓa jin kunyarsa ba sai yau."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Auta ta ruga wurin Mama tana kuka.

"Kuka ba zai gyara ba," in ji Mama. "Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Fara da ba shi haƙuri."

Auta ta durƙusa a bakin ƙofar Kaka ta ba shi haƙuri. Washegari ta faɗa wa Malama gaskiya. Malama ta riƙe hannunta suka tafi gidan tarihi.

Shugabar ta saurare ta har ta gama.

"Saura kaɗan mu rubuta ƙarya a bango," in ji ta. "Da yara sun yi ta karantawa shekara da shekaru. A gaban mutane kika faɗa, a gabansu za ki gyara. Kuma har yanzu ina son ganin kakan naki."

"Ranki ya daɗe, ai lebura ne."

"Na ji. Shi nake so."

Laraba ta zagayo. Auta ta sake tsayawa a gaban mutane.

"Makon jiya na yi muku ƙarya," in ji ta. "Kakana ba injiniya ba ne. Lebura ne, siminti ya ɗauka a ka. Ku yafe mini. Ga shi nan, zai ba ku labarin da kansa."

Kaka ya taso a hankali da farar rigarsa.

"Mu arba'in da biyu ne masu ɗaukar kwano," in ji shi. "Ranar da ake zuba ginshiƙi na uku, hadari ya haɗu. Magina suka ce in aka tsaya, simintin zai rabu biyu, ginshiƙin ba zai yi ƙarfi ba. Katako ya yi santsi, ba ya hawuwa da kaya. Sai muka jeru tun daga bakin kogi har sama. Wannan ya miƙa wa wannan, wancan ya miƙa wa na gaba. Ruwa yana dukanmu, ba wanda ya bar wurinsa sai da ginshiƙin ya cika."

Mutane suka manta da abincinsu. Wani direba ya ɗaga hannu.

"Baba, sau huɗu nake hawa gadar nan kullum da babbar mota. Ko motsi ba ta yi. Allah ya saka muku da alheri."

Wata tsohuwa ta miƙe daga baya. "Mijina yana cikin layin nan," in ji ta. "Ya rasu. Ban taɓa jin an ambaci aikinsu a taro ba sai yau."

Shugabar ta ɗauko wani tsohon hoto na ma'aikatan gadar. Ba wanda ya san ko su wane ne a ciki. Kaka ya sa tabarau, ya riƙa nuna fuskoki yana kiran sunaye. Ya gane mutum goma sha tara. Na bakwai shi ne mijin tsohuwar. Aka miƙa mata hoton, ta daɗe tana kallo.

"Auta, zo ki rubuta," in ji shugabar. "Waɗannan sunayen za mu sa a bango."

Auta ta rubuta su ɗaya bayan ɗaya, da mafi kyawun rubutunta. In ba ta ji da kyau ba, sai ta sake tambaya.

Da suka fito, Malama ta dube ta. "Me kika koya?"

"Na koyi cewa ba a ƙara wa tarihi abin da babu, Malama. Kuma duk aikin da aka yi da gaskiya abin alfahari ne."

Ta kama hannun Kaka. A bakin titi suka haɗu da ƙawarta.

"Wannan wane ne?" in ji ƙawar.

"Kakana ne," in ji Auta, kanta a sama. "Yana cikin mutum arba'in da biyun da suka ɗauki gadarmu a ka."