Dintsin Gero a Ƙwaryar Ubangiji

A wani ƙauye can bayan duwatsu, tun zamanin da, matan ikilisiya suna da wata al'ada. Duk wadda za ta ɗora tukunya sai ta ɗebi dintsin gero ta zuba a ƙwaryar Ubangiji, ran Lahadi a kai wa marasa ƙarfi. Akwai wata mai saƙar faifai, ita tata ƙwaryar wata tsohuwa makauniya ake kai wa.

Wata rana zuciyar mai saƙar ta raɗa mata, "Dintsi ɗaya ne kawai." Ta ɗiba daga ƙwaryar Ubangiji ta yi fura. Kashegari ma, dintsi ɗaya ne kawai. Ran Asabar ta ga gero ya kusa ƙarewa, sai ta cika ƙwaryar da ƙaiƙayi, ta rufe da gero. Ƙaiƙayi fa, yara, ga makauniya!

Da rana ta kishingiɗa a inuwar tsamiya, barci ya kwashe ta. Sai ta ga wani baƙo a bakin wani kogi mai haske, da tabon ƙusa a tafin hannunsa, yana laluben ƙwaryarta. Ƙaiƙayi na tashi kamar hayaƙi.

"'Yata," ya ce a hankali, "abincina ke nan?"

Ta farka da hawaye. Ta sheƙe ƙaiƙayin, ta ɗauki ɗan geron da ya rage, ta je ta durƙusa gaban tsohuwar, ta faɗi komai. "Iya, ki gafarta mini."

Tsohuwa ta laluba ƙwaryar, sannan ta kama hannunta.

"Dintsi ɗaya ne kawai? To, jawo turmi, 'yar nan. Ya ishe mu kunu mu biyu."