Yatsan Da Ke Aljihuna

Wata uku muna tonon kangon gidan bishop, babban limamin coci, don binciken tarihi a bayan ƙauyenmu, bakin kogin Warta. Shekara ɗari shida da rushewarsa, amma abin da muka fi tonowa ƙasusuwan agwagi ne da fasassun tulunan giya. Bawan Allah ke nan, lokacin da kakanninmu ke kwana da ruwan kabeji.

Ran nan ni kaɗai na rage, ina rufe ramuka da tamfol bayan duhu ya shiga, sai na ji ƙamshin turaren coci. Wani tsoho mai doguwar riga yana tsaye inda ƙofar zaure take a da.

Na ce, "Baba, giyar ce ta kawo ka? Fice, nan ba makwancin mashaya ba ne."

Ya miƙo hannun dama, bayansa a sama, yadda ake miƙa wa talaka ya sumbaci zobe.

"'Yar gidan wa ce ke?"

"Bożena, jikar Gołąb mai niƙa."

"Har yanzu kuna nan? Zuriyarku ba ta taɓa iya durƙuso ba."

Na yi tsaki. "Bishop ɗin da ake durƙusa wa, ƙasusuwansa suna cikin kwali, mun manna musu lamba."

Sai na haske shi da tocila. Ƙafafunsa sun nutse har gwiwa a ƙasar da ba mu tona ba tukuna. Hannun kuwa yatsu huɗu ne. Na biyar, da zobensa, yana aljihuna tun da na tono shi da rana, ban nuna wa kowa ba.

Ya ce, "Ba sumba nake jira ba."