Kwalin da Ba a Cilla Ba

A can wani zamani, a wani gari mai nisa da kwalta, an yi wani direban gidan waya mai yawan gaggawa. Duk kwalin da ya ɗauka sai ya cilla shi bayan mota.

Wata rana wata mai kiwon kaji ta zo da ƙwai. Ciwo ya kashe kajin ƙanwarta, saura guda mai kwanci, don haka za ta aika mata iri. Ta ɗauki ƙwai, ta naɗe da takarda, ta juya tsininsa ƙasa, ta zuba ƙaiƙayi. Ta ɗauki wani, ta naɗe, ta juya, ta zuba ƙaiƙayi.

Direba ya ce, "Inna, rana tana yi. Ƙwai ne ko jarirai?"

Ta ce, "Jarirai ne, ɗana. Ba su farka ba tukuna."

Ta rubuta a murfin: "Ƙwan ƙyanƙyasa. Nan ne sama. A hankali."

Ya ɗaga kwalin zai cilla, sai idonsa ya faɗa kan rubutun. Ya sauke hannu, ya ajiye shi a kujerar gefensa. Duk ramin da ya hanga sai ya rage gudu. Ranar ya isa a makare, abokan aikinsa suna ta yi masa tsiya.

Bayan 'yan makonni ya bi ta ƙofar ƙanwar, ya ji kukan 'yan tsaki. Ta fito da ɗaya a tafin hannu, ta ce, "Ga fasinjanka, ya zo gaishe ka."

Ya karɓa da hannu biyu, a hankali.