Zabuwa da Matar Gindin Tsamiya

Ku matso, ku rage murya. Mai tsoro ya kama hannun na kusa da shi.

Ranar da Barira ta fara ganin Nomau, a durƙushe yake a bayan rijiya, kan wata karya bisa cinyarsa, yana goge mata cikin kunne da auduga. A hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Barira ta tsaya da tulu a ka har wuyanta ya ƙage. A ranta ta ce, hannun da ke lallaɓa dabba haka, ina ga mace?

Karnukan biyar ne. Wani Bafaranshe mai haƙar rijiyoyi ne ya bar masa su da zai koma gida, ya ce ko a ƙasarsu irinsu sun yi ƙaranci. Kunnuwa zalo-zalo, jiki ɗigo-ɗigo kamar na zabo, haushinsu kuwa sai ka ce daga cikin rijiya yake fitowa. Ba da ido suke farauta ba, da hanci. Kuma ba sa rabuwa. Ka ware ɗaya, sauran ba ci ba kwanciya sai sun bi sawunta. Babbarsu ita ce Zabuwa.

Aka yi aure. Nan Barira ta gane hannun nan da mai shi. Da safe yana rumfar karnuka a bayan gida yana cire kaska. Rana ta take, yana yayyafa musu ruwa, wai zafin ƙasar nan bai karɓe su ba. Da yamma auduga da kunnen Zabuwa, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa.

"Maigida, ni ma da dogon kunne gare ni da na ji daɗin aure," in ji Barira.

Ya yi dariya. "Ke kunnenki ba ya ruɓewa in an bar shi, amarya."

Ita ba ta yi dariya ba.

Sai zazzaɓi ya kwantar da shi. Cikin rawar sanyi ma abin da ya ce shi ne, "Ki ba su abinci tare. Kada ki fita da ɗaya ita kaɗai."

Bai tambayi ko ita ta ci ba.

Gab da magariba ta sa wa Zabuwa igiya, ta kulle sauran, ta kama hanyar tsamiya, wadda ko mafarauta ba sa bi sai in su biyu ne. Nufinta ta tsallaka rafi ta sake ta, ta ce ɓata ta yi.

Daji ya yi tsit. Ko gyare babu.

A gindin tsamiyar wata mace na zaune, lulluɓe da farin zane har ƙasa.

"Sannu, ƙanwata."

Bakinta ya gama motsi kafin muryar ta iso.

"Yawwa, baiwar Allah," in ji Barira.

"Ba ki son karyar nan. Miƙo igiyar."

Zabuwa, wadda ko tururuwa ba ta wucewa sai ta sansana, ta kai hanci jikin zanen. Ta ɗaga kai. Ta sake kaiwa. Sai ta ci gaba da sansanar ƙasa, kamar babu kowa a wurin. Matar ta shafa mata kunnen hagu, karyar ta ɗauki makyarkyata.

"Me za ki yi da ita?"

"Da ita? Ba komai." Matar ta yi murmushi. "Nan mijinki yake zama in sun dawo farauta. Ina bisa ina kallon hannunsa. Ni ba a taɓa taɓa ni haka ba."

Wani kishi mai zafi ya kama Barira, ya fi duk wanda ta sani a gida. Sai a lokacin ta tuna: inda Zabuwa ta je, huɗun nan za su je. Inda suka je, Nomau zai bi, ko da rarrafe.

Can daga wajen gari haushi ya taso, mai zurfi, murya huɗu. Sun ɓalle.

"Kin ji?" in ji matar. "Suna tafe. Yana bayansu. Miƙo igiyar da hannunki, ƙanwata. Ba na karɓar abin da ba a ba ni ba."

Ta miƙe. Zanen ya ɗan ɗaga. Ƙafafunta ba su taɓa ƙasa ba, kuma duga-dugan ne a gaba.

Barira ta naɗe igiyar a hannu. "Ban bayar ba."

Ta juya da gudu. Hanya ta mayar da ita gindin tsamiya. Ta bi wata, tsamiya. Ko ina ta duba, farin zanen ne a gabanta. Haushin kuwa sai matsowa yake.

Ta durƙusa, ta kama kan karyar da hannu biyu, karo na farko a rayuwarta. Kunnuwan laushi kamar ƙyallen jariri.

"Zabuwa, idona ya ci amanata. Kai ni gida."

Ta runtse ido, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Zabuwa ta sa hanci a ƙasa, ta kama sawun da suka zo da shi, ta ja.

"Barira!" Muryar Nomau ce, daga baya, a galabaice. "Barira, na faɗi, zo ki ɗaga ni."

Ƙafarta ta tsaya. Zuciyarta ta ce koma. Amma Zabuwa, wadda ko tarin Nomau ta ji sai ta kaɗa wutsiya, ko waiwaye ba ta yi ba. Murya ce kawai, babu ƙanshin mutum a cikinta.

Barira ta bi igiya. Ƙaya ta ci zanenta, ba ta buɗe ido ba sai da ta ji hantuna masu sanyi suna dungurar ƙafafunta. Ga huɗun a bakin gonakin gari. Ga Nomau a bayansu, ba takalmi, yana dogara sanda, gumi ya jiƙe shi sharkaf.

Bai kalli Zabuwa ba. Fuskar Barira ya kama da hannuwan nan nasa, a hankali.

"Na farka ban gan ki ba," ya ce.

Da gari ya waye aka ga kunnen Zabuwa na hagu ya koma fari fat, kuma haka ya zauna har ta mutu. Shi ya sa nake gaya muku, hanyar tsamiya ba ta mutum ɗaya ba ce, balle mai tafe da ƙullin zuciya. Matar nan tana jin ƙanshinsa daga nesa.

Da safen nan Barira ta ɗauki auduga ta shiga rumfa. Nomau na jingine a bakin ƙofa yana kallo. Ta aza kan Zabuwa bisa cinyarta, ta ɗaga farin kunnen, ta yi magana yadda shi ma zai ji.

"Kunnen nan ni zan riƙa goge shi. Kuma muddin ina numfashi, ba na sake ware kowa daga gidan nan, balle in miƙa wa wata igiya."