Kakan da Aka Tsinta a Njuwa

Raliya tana tankaɗen gari a gidansu na Jambutu, sai ga Goggo Umma ta faɗo ko sallamar kirki babu. Yayar mahaifin Suhaib ce, saurayin da ake shirin sa musu rana.

Dada, mahaifiyar Raliya, ta kawo ruwa. Goggo ta ture kofin tana yatsina.

"Ba zama ya kawo ni ba! Mun binciki asali, an ce kakan yarinyar nan, Ɗanburam, tsintacce ne. Mu a Yola ba ma haɗa jini da wanda bai san ubansa ba!"

Ta kakkaɓe mayafi ta fice. Dada ta fashe da kuka. Raliya kuwa ƙyamar matar ce ta cika mata ciki. Kakan ya rasu, mahaifinta ma haka, wa za ta tambaya?

Ta shiga bin dattawa gida-gida, wannan ya tura ta wajen wancan, har ta ƙetare Binuwai zuwa Girei, wurin wata tsohuwa Kirista mai suna Rebeka.

"Ke ce jikar Ɗanburam?" Tsohuwar ta shafa fuskarta. "Uwata Kezia ce ta tsince shi cikin kwalekwale a bakin tafkin Njuwa, shekarar yunwa. Nono ɗaya muka sha. Wasu sun ce ɗan makiyaya ne da annoba ta cinye, wasu sun ce 'yar babban gida ce ta yar da shi. Allah kaɗai ya sani, 'yata. Da ya girma ya musulunta, uwata ce ta ɗinka masa rigar sallarsa ta farko."

Raliya ta dawo da hawaye, ta kwashe komai ta gaya wa Suhaib. Ya yi ta sosa ƙeya.

"Don Allah, kar ki ambaci tsohuwar nan. Na sami wani maroƙi, zai rantse kakanki jinin wani Modibbo ne, babban malami. Shi ke nan, an rufe kes!"

Ta dube shi kamar ta taka ƙazanta.

"Tir, Hamma Suhaib! In binne matar da ta shayar da kakana don Goggonka ta yi murmushi? Wallahi amai nake ji. Tashi ka ba ni wuri!"

Damina ta shigo ta wuce, ba ta ɗaga wayarsa ba. Ƙawaye suna ta zunɗe, ita dai tana ta addu'a.

Kunya ta ishi Suhaib. Ya je Girei wurin Rebeka da ƙafarsa, ya dawo ya durƙusa gaban mahaifinsa ya faɗi gaskiya, har da zancen maroƙin.

Dattijon ya ce, "Yarinyar da ta ƙi sayen miji da ƙarya, ita ce mai asali. Kai ne abin bincike!"

Sai da Suhaib ya sha zarya kafin Raliya ta yafe masa. Ranar biki, Rebeka ce ta riƙe hannun amarya zuwa mota, tana kuka tana dariya.

Ba wanda ya zaɓi inda za a haife shi, amma kowa shi ke zaɓen halinsa. Mai tona asalin wani, ya fara duba nasa halin.