Ja Ƙasa, Sannan Wuta

"Tsaya! Don girman Allah kada ka soka shi tukuna!"

Ummuhani ce ta faɗi haka, ta sha gaban Halliru kafin ya kai bakin wayar jikin soket ɗin da ke bango.

Halliru ya saki wani murmushi mai sanyi, irin wanda ya fi zagi ciwo.

"Haba Ummu... ke fa kika aika a kira ni. Inji zai tsaya ƙarfe biyar, yanzu ga huɗu ta gota."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Ta dubi akwatin rediyon da ke kan tebur, ta dubi ƙofa, ta sake duban akwatin. Tun asuba ƙafarta ba ta zauna wuri guda ba.

Bari in ja ku baya kaɗan, don ku san abin da ya hana yarinyar nan sukuni.

A Makarfi ne, saura shekara biyu Turawa su naɗe tutarsu. Kawu Bobbo, wan mahaifiyar Ummuhani, tsohon sojan sigina ne, yana da takardar izinin riƙe rediyo irin wadda ake ji da ita, a kuma yi magana. Da yanar ido ta rufe masa gani, Ummuhani ta zama idonsa, don ta yi elemantare, tana karanta boko. A shagonsa na gyaran rediyo ne Zailani, wani saurayi ɗan Kudan, ya zo koyon aiki. Ya koyi aikin, ya kuma koyi satar kallo. Shi ya samo wannan akwati wurin wani likita Ba'amurke da zai koma gida. Da manyansa suka kawo kayan na-gani-ina-so aka karɓa, sai aiki ya ɗauke shi zuwa bakin Tafkin Chadi tare da masu yaƙi da fara, waɗanda ke da tasu rediyon.

Ran da zai tafi ya ce, "Duk Juma'a bayan la'asar zan kira, Ummuna. Ko ina nake."

Juma'a uku aka yi, batir ya mutu murus.

Daga nan shiru. Wata bakwai, ko wasiƙa guda!

Halliru kuwa, mai kula da injin gurzar auduga, shi ke zuwa Zariya duk Laraba ya taho da jakar wasiƙu. Ya daɗe yana shawagi a ƙofar gidan su Ummuhani tana ɗauke kai. Shi ne ya dawo wata Laraba, fuska kamar mai ta'aziyya, ya ce ya ji a tasha Zailani ya yi aure a Kukawa.

Mahaifinta, Malam Sada mai mazarƙwaila, ba mutum ne mai hayaniya ba. Jiya ya kira ta ya ce, "Ban ce ki auri kowa ba, Ummuhani. Amma ba zan riƙe kayan mutumin da ya yi shiru wata bakwai ba. Asabar da safe za a mayar Kudan."

Shekaranjiya ne manajan injin ya sa aka jawo wa Kawu Bobbo wayar lantarki daga injin, don ya taɓa yi musu gadi. Yau Juma'a. Idan ba ta ji muryar Zailani yau ba, shi ke nan.

"To me kuma ya rage?" in ji Halliru, yana nuna takardar da Zailani ya liƙa a cikin murfin akwatin. "Ga rubutun masoyin naki. Ja ƙasa, sannan wuta. Na ɗauki jar wayar da ke bayan akwati na kai ta ƙasa. Na kafa ƙarfe bayan ɗaki, na zuba masa ruwa, na ɗaure ta tam. Saura wuta."

Kawu Bobbo yana zaune kan buzu, ya karkata kai.

"Mu dai a soja ba mu taɓa kai ja ƙasa ba. Ja shi ne mai rai."

"Kayan Amurka ne, Kawu. Komai nasu a juye yake."

"Hakane kuma..." in ji tsohon. "Sake karanta min."

Halliru ya karanta a hankali, yana jan ƙarshen kalmar. "Ja ƙasaa..."

Ummuhani ta ɗago kai. Kalmomin na Zailani ne, amma ba haka suke fita daga bakinsa ba.

"Ummu," in ji Kawu, "karanta min da bakinki."

Ta rufe ido.

Sai ta tuna ranar da suka ɗaura eriya a kan bishiyar ɗorawa. Shi yana sama, ita tana riƙe da igiya, yana ta ihu yana dariya: ja ƙasa, Ummu, ja ƙasa! A gajarce yake faɗinta, kamar mai sara.

Ta faɗe ta haka nan, a gajarce. "Ja ƙasa."

Kawu Bobbo ya miƙe zumbur kamar an tsikare shi.

"La ilaha illallahu! Ba jar waya ba ce, 'yar nan! Ba kuma ƙasar da muke takawa ba! Cewa ya yi a ja wani abu, a yi ƙasa da shi! Kai, boko dai ba shi da alif. Da da ajami ya rubuta, da alif ya raba gardama tun tuni."

"Kawu, lokaci fa yana tafiya," in ji Halliru. Murmushin nan ya fara bushewa.

"Bar shi ya tafi. Ummu, laluba! Duk abin da ke jawuwa, nemo shi!"

Ta durƙusa bayan tebur. Ta shiga lalube. Gaba babu, gefe babu. Can ƙasan baya ta ji wani ɗan faifan ƙarfe da kusa mai tsaga ta riƙe.

"Akwai wani abu a rufe, Kawu... amma ba ni da abin kwancewa!"

Ta ɗago ta dubi Halliru, wanda aljihunsa ke cike da kayan aiki. Ya kau da kai, wai shi yana duban agogo.

"Ungo."

Muryar daga bakin ƙofa ta fito. Malam Sada ne, rigarsa na ƙanshin ruwan rake da hayaƙi. Allah kaɗai ya san tun yaushe yake tsaye. Wuƙarsa ta feren rake ya miƙo mata.

"Sannu da zuwa, Baba," ta ce, kanta a ƙasa.

"Yi aikinki."

Da tsinin wuƙar ta murɗe kusar. Faifan ya faɗo. Ga wani ɗan maɓalli nan kamar ƙwayar gyaɗa, da lambobi biyu.

"Sama an rubuta ɗari da goma sha biyar. Ƙasa ɗari biyu da talatin. Kawu... a sama yake!"



"Halliru," in ji Kawu Bobbo, muryarsa ta koma irin ta saja, "injinku wuta nawa yake bayarwa?"

"...Ɗari biyu da talatin."

"Kuma kai da ke kwana kana tashi da inji, ba ka san kayan Amurka rabin wannan suke sha ba? Da ka soka, da hayaƙi kawai za mu shaƙa!"

"Mantuwa ce, Kawu. Wallahi..."

"Bar rantsuwa."

Ummuhani ba ta ko kalle shi ba. Ta ce bismillahi, ta ja maɓallin ƙasa. Ƙas! Kawu ya sa ta cire jar wayar ta mayar inda take, ta ɗaura wayar ƙarfen bayan ɗaki a jikin kusar da aka yi dominta. Sannan ta ɗauki bakin wayar, da hannunta ta soka.

Babu hayaƙi.

A hankali 'yan kwalaben fitilar da ke cikin akwatin suka fara ja kamar garwashi. Sai shuuu... kamar ana tankaɗe.

"Murɗa zuwa lambarmu," in ji Kawu.

Ta murɗa. Shuuu. Ta ƙara. Wani kuka siriri, sai shuuu. Kawu ya danna abin magana, ya jero haruffan kiransa da Turancin soja, sau uku. Babu amsa.

Biyar saura kwata.

Hawaye ya cika mata ido. Ashe da gaske ne? Ashe ita kaɗai ke ta haukan ƙirga Juma'a?

"Bari in je in duba inji," in ji Halliru, yana sulalewa.

"Zauna," in ji Malam Sada. "Injin ba zai gudu ba."

Ta taɓa mamurɗin kaɗan, kaɗan ƙwarai.

"...karfi... Makarfi... Kawu Bobbo, kuna jina?"

Ta dafe ƙirji. Wayyo Allah!

Muryar ta yi nisa, ta dishe, amma ko cikin kasuwar Laraba za ta gane ta.

"Zailani ne. Juma'a ta talatin ke nan. Na san ƙila ba kwa ji. Ba komai... zan sake kira Juma'a mai zuwa, in Allah ya kai mu."

"Danna! Danna, Kawu!"

"Muna ji, ɗan nema!" Kawu ya daka tsawa cikin abin maganar. "Muna ji!"

Can sai wata ƙara kamar kujera ta faɗi. "Kawu?! Allahu Akbar! Kawu, Ummu... lafiyarta ƙalau?"

Malam Sada ya miƙa hannu. Aka ba shi, aka nuna masa inda zai danna in zai yi magana, ya saki in zai saurara. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya.

"Salamu alaikum. Sada ne. Ina wuni? Ina gajiya? Ya aiki? Ya baƙunta? Ya mutanen wurin? To, ya farin?"

Jama'a! Saura minti goma, shi kuwa ko tambaya guda bai tsallake ba. Ummuhani ta ciji bakin mayafinta har sai da ya jiƙe.

Da aka gama amsawa, sai ya ce, "An ce ka yi aure a Kukawa."

"Aure? Baba, ni da wa? Nan fa daga mu sai fara! Wasiƙa goma sha ɗaya na aiko, duk ta jakar injin auduga. Ta ƙarshe har na roƙi a sa rana. Da na ji shiru na ɗauka ku ne kuka fasa..."

Malam Sada ya juya a hankali.

Halliru ya zama kamar an tsoma shi a rafi.

"Suna ina?"

"Suna... suna cikin akwatina, Baba."

"Ni ba babanka ba ne. Tashi ka kawo su yanzu, goma sha ɗaya cif. Kuma idan injin nan ya tsaya kafin biyar, na san wanda ya tsayar da shi."

Ya fita sumui-sumui, ko takalminsa bai saka daidai ba.

Malam Sada ya sake dannawa. "Zailani, na zarge ka ban ji ta bakinka ba. Ka yafe ni. Ka nemi hutu, bayan ƙaramar Sallah da mako biyu."

Ya ajiye abin maganar kusa da hannun 'yarsa, bai kalle ta ba.

"Bari in je in ga ƙarfen nan da aka ce an kafa bayan ɗaki."

"Ni ma yau kunnena ya toshe," in ji Kawu Bobbo, ya juya fuska bango.

Ummuhani ta ɗauka. Ta danna. Ta ɗauka kunya za ta hana ta, ashe wata bakwai ne ke jira a maƙogwaronta.

"Kai! Ka san abin da ka ja min? Ka san ban ƙara cin abinci da daɗi ba? Duk Laraba ina laɓe a soro ina jiran jaka, ana yi min dariya! Aka ce ka yi aure, na ce ƙarya ne, amma in na kwanta sai in ce ƙila gaskiya ne... Kuma kai da rubutunka, kalma huɗu kacal, saura ƙiris ka ƙona mu duka! Ni dai ka faɗa min, har yanzu kana sona? Ka yi shiru! Ka ga, ka yi shiru ko?"

"Saki," in ji mai toshasshen kunne, bai juyo ba. "Muddin kina dannawa ba za ki ji shi ba, 'yar nan. Saki!"

Ta saki.

"...ke ɗin, Ummuna, ke kaɗai. Sau huɗu ke nan ina faɗa. Juma'a talatin ina faɗa wa iska. Kin ji ni, hasken idona? Kin ji?"

Can bakin gari usur ɗin injin ya fara kuka, alamar biyar ta yi.

Ta danna da hannu biyu.

"Na ji!"

Kwalaben suka dushe, ɗakin ya yi tsit. Ta zauna daɓas a ƙasa tana kuka tana dariya, ba ta san ko kalmar ta isa Chadi ba.

Asabar da safe jaki ya kama hanyar Kudan kamar yadda Malam Sada ya faɗa, sai dai ba kayan na-gani-ina-so ya ɗauka ba. Mazarƙwaila ce mangala guda, da saƙon ranar ɗaurin aure.

Juma'ar da ta biyo, tun kafin a yi sallamar la'asar a masallaci Ummuhani ta soka waya, wasiƙu goma sha ɗaya a kan cinyarta. Kwalabe suka yi ja. Muryarsa ta fito, ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Ni ma na ji, Ummu."